Yadda nake tatsar hayaƙin itace da duro ɗaya a bayan gona

Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake ƙona gawayi a daji ya san hayaƙin nan fari mai ratsin rawaya, wanda in ya shiga ido sai ka yi hawaye kamar an yanka albasa. Masu sana'ar suna jibge itace, su lulluɓe da ciyawa da ƙasa, su cinna wuta su yi ta jira kwana da kwanaki. In an tona, kilo 100 na itace da ƙyar yake ba su kilo 15 zuwa 20 na gawayi. Sauran fa? Wani ruwa ne ya ƙafe, wani wuta ta cinye, amma kaso mai tsoka yana cikin hayaƙin nan da ya sa ka hawaye. Abin da ke maka yaji a ido sinadarai ne da ake sa kuɗi a saya.

Ni tsohon malamin kimiyyar sinadarai ne a sakandare. Da na ajiye alli sai na koma 'yar gonata ta mangwaro, wadda darbejiya ta kewaye. Kowace shekara bayan an gama cin mangwaro nakan yi sassabe, rassa su taru tsibi-tsibi, wasu a kai gida don girki, wasu gara ta riga mu. Yau shekara huɗu ke nan da na fara dafa waɗannan rassa a cikin rufaffen duro, ina kama hayaƙin ina mai da shi ruwa. Abu huɗu nake samu daga ƙuna ɗaya: gawayi, ruwan tsamin itace, baƙar kwaltar itace, da iskar gas wadda ita ce ke ƙarasa dafa duron. Yadda nake yi ke nan zan faɗa, har da inda na sha ƙasa.

Sai ka san abin da ke cikin itace tukuna

Ka dubi katangar ƙasa. Akwai ciyawar da aka kwaɓa a ciki mai ba ta ƙarfi, akwai lakar da ta riƙe ciyawar. Haka itace yake. Zaren da ke ba shi ƙarfi shi ne selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na busasshen itace, kuma ba komai ba ne illa ƙwayoyin sukari da aka ƙulla cikin doguwar sarƙa. Auduga kusan zallarsa ce. Sai hemiselulos, shi ma sukari ne amma gajerun sarƙoƙi masu saurin tsinkewa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku lignin, shi ne lakar, ya kan kai kashi 20 zuwa 30. Shi ke sa itace tauri, shi ke hana shi saurin ruɓa, shi ne kuma ke ba naman banda ƙamshinsa.

Matatar man fetur tana karɓar ɗanyen mai ta raba shi gida-gida, fetur daban, kananzir daban, gas daban, kwalta daban. Matatar itace ma aikinta ke nan, sai dai ita waɗannan abubuwa uku take rabawa. A garin Sarpsborg na ƙasar Norwe akwai kamfanin Borregaard, wanda daga gungumen itace ɗaya yake fitar da tataccen selulos, da sinadaran lignin da ake zubawa a kankare don ya yi laushin zubi, da etanol, wato sinadarin da ke cikin barasa, tun 1938, da sinadarin ƙamshin banila tun 1962. Wato banilar da ke cikin wani biskit ɗin da kake ci, mai yiwuwa bishiya ce a dajin Turai. A Finlan kuma, kamfanin UPM ya buɗe matata a Lappeenranta a 2015, inda ake yin man dizal daga wani maiƙo da ke fita lokacin da ake dafa itace don yin takarda.

Kada sunayen nan su ba ka tsoro, mu ma ba baƙin abin ba ne. Tsohuwar da ke tace toka ta samu ruwan toka na miya ko na sabulu, da maginin da ke jiƙa ɓawon ɗorawa ya samu makuba, da majemin da ke jima da bagaruwa, duk sinadari suke cirewa daga jikin bishiya. Abin da na ƙara kawai shi ne zafi a wurin da iska ba ta shiga. In itace ya ji zafi babu iska, ba ya kamawa da wuta, wargajewa yake yi. Hemiselulos ke fara sallamawa daga wajen digiri 200 na ma'aunin Salshiyas, shi ke ba da mafi yawan tsamin. Selulos yana biyo baya daga wajen digiri 300 zuwa 400. Lignin kuwa a hankali yake narkewa tun daga farko har bayan digiri 500, shi ya sa shi ne uban gawayi da kwalta.

Itacen da za ka zuba

Ban yarda a sare bishiya mai rai saboda wannan aiki ba, kuma lissafin ma ba ya fita in sayen itace za ka yi da tsada. Sassaben mangwaro da darbejiya da bishiyar turare ya isa. Darbejiya ko ka yi mata kwal-kwabo, damina ɗaya ta sake tofo. Guntattakin katako daga wajen kafintoci ma suna yi, haka totuwar masara da ɓawon kwakwa. Ƙirya da marke sun fi kowa gawayi mai nauyi, maƙera sun san haka tun kaka da kakanni, kuma dalilin da ya sa suka yi wuyar gani a dazuzzukanmu ke nan. Ka bar su su huta.

Abin da ba ya shiga durona ko da kyauta: katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara, falankin da aka manne da gam, tsohon turken lantarki, da duk abin da ke da roba ko leda a jiki. Gubar da ke cikinsu a ruwan tsaminka za ta ƙare, kai kuma gona za ka kai shi.

Ka yanka itacen tsawon kamu ɗaya, kaurin kada ya wuce damtsen hannu, wanda ya wuce a faskara. A bar shi ya bushe sosai. Da hunturu wata ɗaya zuwa biyu ya wadatar. In ka gwara guda biyu ka ji ƙara mai kaifi, ya yi. In ka ji "dif", da saura. Ɗanyen itace asarar makamashi ne kawai, za ka yi awa uku kana tafasa ruwa, ruwan tsamin kuma ya fito salam.

Haɗa kayan

Duron ƙarfe mai cin lita 200 nake amfani da shi, irin mai buɗaɗɗen baki da murfi da ɗamarar ƙarfe mai kulle shi. Kafin mai walda ya kusance shi da wuta, ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Duron da ya ɗauki fetur ko sinadari yana iya tashi kamar bam ko da ya shekara a bushe, an yi asarar masu walda da yawa ta wannan hanya. A wanke, a cika da ruwa kafin a huda, daga baya a ƙona shi fanko a fili har fentin ya kakkaɓe.

Na kwantar da nawa a kan rodi uku masu kauri a cikin wani murhu da na gina da tubalin laka, na bar kamu ɗaya a ƙasa don wuta, da tazarar tafin hannu a kewaye don harshen wuta ya zagaye duron, na rufe sama da tsohon kwanon rufi da laka, na fitar da 'yar hanyar hayaƙi a baya. Lakar nan ita ce rabin aikin. Duron da ke tsirara a iska itacen hura wuta kawai zai ci maka.

A saman duron, can wajen gindi, aka huda aka liƙa bututu mai faɗin inci 2. Kada ka yarda da wanda ya fi haka ƙanƙanta, dalili na zuwa. Daga nan bututun ya fito daga murhu ya gangara a hankali tsawon mita 4, ya ratsa ta cikin wani rabin duro mai cike da ruwan sanyi. A nan hayaƙi ke komawa ruwa. A ƙarshensa akwai mahaɗa mai baki biyu. Bakin ƙasa na sa masa tiyon roba mai haske wanda ake ganin ciki, na lanƙwasa shi ya yi ciki kamar ƙugiya, zurfin taƙi ɗaya, sannan ya zuba a jarka. Ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar shi ke hana gas bi ta nan. Bakin sama kuwa gas ɗin da ya ƙi zama ruwa yake ɗauka, ya kai shi cikin wani rufaffen gwangwani mai ruwa, inda bakin bututun ya nutse kamar gaɓar yatsa biyu, daga nan wani bututun ƙarfe ya kwashe shi zuwa ƙarƙashin duro, cikin wuta. Gwangwanin nan mai ruwa shi ne mai gadi. Ko wuta ta biyo bututu da baya, a nan za ta tsaya.

Mai waldan da ya haɗa mini ya so ya sa bawul biyu don aikin ya yi kyan gani. Ya ce, "Baba Malam, ai sai ka riƙa juya hayaƙin inda kake so." Na ce masa a'a, ɗana, ranar da na manta na rufe duka biyun fa? Babu bawul ko ɗaya a jikin nawa. Hanyar hayaƙi a buɗe take daga duro har wuta, kullum.

Ga inda na fara faɗuwa. Don tsimi, bututun farko na baƙin ƙarfe na saya. Ruwan da ya fito ranar farko ja ne garau kamar shayi, na yi ta murna. Kafin ƙuna ta uku ya koma baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Na zauna ina kallonsa, sai dariya ta kama ni, don abin da na shekara ina koya wa yara ne ya faru da ni. Tsamin ya ci ƙarfen, ƙarfen da ya narke ya haɗu da sinadaran lignin, suka ba da baƙi. Dabarar kulokon dukawa ke nan, ruwan ƙarfe a kan fatar da aka jeme da bagaruwa. Masu rinin atamfa a Ingila ma a da can da gangan suke jiƙa ƙarfe a ruwan tsamin itace don su samu baƙin rini. Ni dai ba rini na fito yi ba. Dole na sake sayen bututun ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, na biya sau biyu. Bututun ruwa mai rufin tutiya, da na alminiyom, da na jan ƙarfe, duk tsamin yana cin su, kada ka gwada.

Ranar ƙuna

Da asuba nake farawa, don aikin yana cin awa 6 zuwa 7 kuma ba a barinsa a tafi kasuwa. A fili ake yi, nesa da ɗaki da rumbu da dabbobi. Gas ɗin da ke fita yana ɗauke da iskar nan mai kisa marar wari wadda ke hallaka masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, yara kuma su yi nisa.

Ka shirya itacen a duro a matse, masu kauri a ƙasa inda wuta ta fi bugu. Nawa yana ɗaukar wajen kilo 60. A rufe, a ɗaure ɗamara, a shafe bakin da laka mai ɗauri. Sai a hura wuta a ƙasa da ƙirare da totuwa da kara, duk tarkacen da ba zai yi gawayi ba. Kada ka yi gaggawa. Wuta matsakaiciya ta fi, don in ka ƙona ƙasan duron da zafin tsiya, na ƙasa zai gama na sama bai ko bushe ba.

Jarka uku nake ajiyewa, kuma sanin lokacin canza su shi ne gwanintar duka. Manoman Japan, waɗanda suka daɗe a wannan harka, ƙa'idarsu ita ce a kama hayaƙi tsakanin digiri 80 da 150 a bakin bututu. Ni ma na huda ƙaramin rami a bututun, kusa da inda ya fito daga murhu, na zura ma'aunin zafi irin na masu gashin burodi. In ba ka da shi, farin farantin tangaran ya ishe ka. Ka tara shi a bakin tiyon ka ga abin da ke ɗiga.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu na farko, ɗigon fari ne kamar ruwan sama, ba wari sosai. Wannan jarka ta ɗaya ce, ruwa ne kawai, zubarwa ake yi. Daga nan sai ka ga ɗigon ya fara rawaya, ya koma ruwan zuma, wari mai yaji ya bugi hancinka kamar an haɗa banda da tsamiya. Ma'auni ya haura 80 ke nan. Maza ka sa jarka ta biyu. Ita ce amaryar.

A tsakiyar wannan mataki wani abu yana faruwa da har yau bai daina burge ni ba. Idan cikin duron ya kai wajen digiri 280, itacen da kansa yake fara fitar da zafi. Za ka ji gwangwanin ruwa ya fara ɓuɓɓuga da sauri, sai kuma "fuu", bakin bututun da ke ƙarƙashin duro ya kama da wuta, harshe shuɗi da rawaya yana gurnani kamar murhun gas. Daga nan ka janye itacen hura wuta, ka bar 'yan ƙirare kaɗan da za su riƙe harshen kada ya mutu gas ya taru. Itacen yana dafa kansa da numfashinsa. Ranar da uwargida ta fara ganin haka ta riƙe baki ta ce, "Malam, yanzu duk wannan wutar a hayaƙi take, muke ta shaƙa a madafa?" Na ce mata ƙwarai, ita ce ke baƙanta miki rufin ɗaki.

Ka riƙa taɓa ruwan rabin duron. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a kwashe a zuba sabo, in ba haka ba tsaminka zai wuce ya ƙone a wuta.

Da ma'auni ya doshi 150, ɗigon kan faranti zai yi duhu, ya yi kauri, in ka murza da tsinke ya yi yauƙi. Canza zuwa jarka ta uku. Abin da ke fita daga nan kwalta ce mafi yawa, kuma a cikinta ne ake samun sinadaran da ke jawo ciwon daji, shi ya sa ba a barin ta gauraya da ta biyu. Kwaɗayin ƙarin lita ɗaya kada ya sa ka ɓata jarka guda.

Idan harshen gas ya yi ƙasa ya mutu don kansa, an gama. Ka kwashe garwashin murhu, ka cire bututun daga jikin duro da tsumma mai kauri, ka toshe ramin da laka. Yanzu ne kaɗai ake toshewa. Sannan ka tafi gida. Na taɓa buɗewa da yamma don ɗoki, ina ganin baƙin gawayi mai sheƙi, kafin in ɗauko buhu ya yi ja ya kama, rabinsa ya zama toka a gabana. Sai gobe da safe, in ka dafa duron ka ji sanyi. Ko a lokacin ma ka baza gawayin a ƙasa ya yini ya kwana kafin ka ɗura a buhu, don sabon gawayi yana zuƙar iska ya ɗau zafi da kansa.

Daga kilo 60 nakan samu gawayi kilo 16 zuwa 18, ruwan jarka ta biyu lita 6 zuwa 8, da kwalta abin da bai kai lita 2 ba. In za ka yi lissafin gaskiya, ka sa da tarkacen da ka ƙona a ƙasa.

Wata uku a inuwa

Ruwan jarka ta biyu bai isa amfani ba tukuna. A zuba shi a doguwar robar da ake ganin ciki ko kwalba, a rufe, a ajiye a inuwa wata 3 ba a girgiza ba. Zai rabu uku: ɗan maiƙo a sama, baƙar kwalta a ƙasa, tsakiya kuma ruwa garau launin shayi. Na tsakiyan ake so. Ka cika tiyo da ruwa ka toshe da yatsa ka zura, ya janyo da kansa. Kada ka zuƙa da baki irin na masu sayar da fetur a bakin titi. In ka tace shi ta cikin garin gawayi da ƙyalle, ya ƙara haske.

Mafi yawansa ruwa ne, kashi 80 zuwa 90. A cikin ragowar, babba shi ne asid ɗin da ke cikin khal, wato binega, sai metanol, wani ɗan'uwan etanol mai guba, da sinadarai barkatai da suka haura ɗari. Tsaminsa a ma'aunin tsami na pH wajen 3 ne, inda ruwa zalla yake 7. Ga gwajin da nake nuna wa jikokina: a daka ɓawon ƙwai a zuba a kofi ɗaya na ruwan, sai ya hau kumfa yana tsiyaya. Da irin wannan haɗi, amma da farar ƙasa, masana'antun Amurka da Jamus suka riƙa samun gishirin da suke gasawa su fitar da asiton, sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi, wanda aka yi ta nema ruwa a jallo lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don haɗa albarushi.

Ba a sha. Na faɗa da babbar murya don na san halinmu, gobe wani zai ɗura a kwalba ya ɗora lasifika a mota ya ce maganin basir ne da sanyi. Metanol yana makantarwa, yana kisa. Ruwan hayaƙin da ake sa wa abinci a ƙasashen waje an tace shi ne a masana'anta an gwada, ba na duro ba ne.

A gona nake amfani da shi, a tsarme ƙwarai. A injin feshi mai lita 16 cokalin cin abinci 3 zuwa 4 nake sawa, wato kusan kashi 1 cikin 300, in fesa da yamma. Na ga yana rage darɓa a wake da barkono, amma korarsu yake yi, ba ya kashe su kamar maganin kanti, kuma in ƙwari sun riga sun ci ƙarfin gona ba zai cece ta ba. Ba taki ba ne. Wanda ya ce maka zai ninka maka amfanin gona, kasuwa yake nema. Inda ya fi yi mini aiki shi ne ɗakin kaji da ramin taki: kofi ɗaya a bokitin ruwa, a yayyafa, warin nan mai hawa kai ya kwanta, ƙudaje su ragu. Da ƙarfinsa kuwa ciyawa yake ƙonawa. Yaron da ke taya ni aiki ya taɓa ganin kamar cokali 4 rowa ce, ya antaya rabin kwalba, washegari bedin tumatir guda ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ka fara gwadawa a kan shuka biyar, ka jira kwana uku.

Kwaltar kuwa ta gara ce. Ina shafa ta a gindin dirkoki da turakun shinge kafin a binne, da safar hannu. Tsohuwar sana'a ce: Finlan da Suwidin sun yi ƙarnoni suna sayar wa Turai kwaltar itace don shafe jiragen ruwa, Larabawa kuma da ƙaɗiran suke shafe raƙumi mai ƙazuwa, kalmar da mai karatu ya sani a ƙarshen Suratu Ibrahim.

Manyan gawayi na girki ne. Garin da ya rage ina kwaɓa shi da kokon rogo, kamar mudu ɗaya na garin rogo ga mudu goma sha biyar, a cura a shanya. Ko kuma in zuba shi a ramin taki ya yi wata guda yana shan ruwan kashin dabbobi kafin in kai gona. In ka zuba shi a ƙasa haka nan a bushe, abincin shukar zai fara tsotsewa.

Abin da duro ba zai ba ka ba

Kusan duk wanda ya zo kallo tambayarsa ɗaya ce: "Malam, yaushe za ka fara fitar da fetur?" Ba zan fara ba. Akwai hanyar samun ɗanyen mai daga itace, amma sai an niƙa shi kamar gari, a watsa cikin yashi mai zafin digiri 500, a sanyaya tururin cikin abin da bai wuce daƙiƙa 2 ba. Ta haka ana samun har kashi 70 na nauyin itacen a matsayin mai. Man kuwa baƙi ne, mai tsami, mai ruwa a ciki, ƙarfinsa bai kai rabin na dizal ba, ba ya ma gauraya da shi. Tukunyar dumama gidaje yake iya hurawa. Kafin ya shiga mota sai an sake tace shi da iskar haidurojin a ƙarƙashin matsi mai tsanani.

Etanol ma haka. Sukari na nan jibge a cikin itace, amma lignin ya kulle shi. Sai an dafa da tururi da asid a tukunyar matsi, a zuba sinadaran narkarwa da ake samu daga wata funfuna, wadda aka gano tana cinye tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a sa yis, a tace. Bayan duk wannan wahala, tan guda na busasshen itace bai cika wuce lita 300 ba. Gara tana yin wannan aiki a cikin cikinta kyauta, mu kuwa tsadar fitar da mai daga itace ta sha kayar da kamfanoni. Range Fuels a Amurka ya rufe a 2011, Choren a Jamus ya karye a shekarar, KiOR ya bi su a 2014, dukkansu bayan an narka maƙudan kuɗi. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu irin su Borregaard ne, masu sayar da sinadarai masu tsada, mai kuma ya zo a matsayin ƙari. Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne gas ɗin itace, wanda motoci wajen miliyan ɗaya suka yi tafiya da shi a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da fetur ya yi wuya. Yana tada janareta, amma in ba a wanke kwaltar da ke cikinsa ba, sai ta liƙe injin cikin 'yan kwanaki. Wannan aikin wata rana ne.

Wani abin sha'awa: har zuwa farkon shekarun 1920, metanol na duniya daga irin wannan dafa itacen yake fitowa. A 1923 kamfanin BASF ya fara haɗa shi daga gas ɗin kwal a garin Leuna na Jamus, masu dafa itace suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yau a Leunan nan dai UPM ya gina matata don mai da itace sinadaran yin robar kwalba da tufafi.

Saura dalilin inci 2 da na ce yana zuwa. Kwalta tana daskarewa a cikin bututu, kowace ƙuna tana ƙara rage masa faɗi, kuma bututun da ya toshe daidai yake da bawul ɗin da na hana mai walda sawa. Kafin kowace ƙuna nakan kwance bututun, in zura doguwar sanda mai tsumma a kai, in ɗaga shi sama in leƙa sai na hango haske ta ɗaya bakin. In ana cikin aiki ka ji gwangwanin ruwa ya yi shiru alhali wuta na ci, ko ka ga hayaƙi na tsartuwa ta lakar murfi, janye wutar nan take ka ja da baya, kada ka taɓa ɗamarar sai duron ya huce. Shi kansa duron ka riƙa ƙwanƙwasa cikinsa da guduma. Wuta da tsami suna cinye ƙarfen, nawa na farko bai kai damina biyu ba ya huje ta ƙasa.